ZAƁEN UBANGIDA DA WUYAR SHEKARUN FARKO GA DIREBAN BABBAR MOTA

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Ikko zuwa Badun da dare, in ya iso Ogere zai ga manyan motoci sun jeru a gefen titi dama da hauni, har ido ba ya iya ganin ƙarshensu. Akwai tankokin mai, akwai masu ɗauke da siminti, akwai kuma waɗanda suka sauke shanu ko tumatir suna jiran lodin komawa Arewa. A ƙarƙashin kusan kowace mota akwai wani saurayi kwance bisa tabarma ko kwali, ya yi matashin kai da jarka, kunnensa a buɗe saboda ɓarayin batir da na man gas. Da za a tashe shi a tambaye shi burinsa, amsar ba za ta wuce ɗaya ba, watau ranar da zai zauna a kujerar direba, wani yaron kuma ya gaje shi a kan tabarma.

Da yawa daga cikin waɗannan samari suna ganin wannan rana. To amma ba duk wanda ya karɓi makulli ne yake tsufa a cikin sana'ar ba. Wasu sukan ƙare a hannun 'yan sanda saboda kaya sun yi giɓi, wasu a gadon asibiti, wasu kuwa a garin da ba su san kowa ba ake yi musu sutura. Tsofaffin direbobi sun yi ittifaƙi a kan cewa shekaru biyu ko uku na farko su ne siraɗin wannan aiki, kuma sau da yawa in aka bi salsalar abin da ya ka da yaro, sai a tarar tun ranar da ya karɓi makulli ya yi kuskure, domin bai tsaya ya dubi hannun da ya miƙo masa shi ba.

MOTA TA GAJI JIRGIN ƘASA

A zamanin da, jirgin ƙasa shi ne jakin Nijeriya. Tun da dogo ya isa Kano cikin 1911, aka kuma buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, gyaɗa da auduga da fatu da shanu ta kansa suke gangarawa Kudu, motoci kuwa aikinsu su kwaso kaya daga ƙauyuka su kai tasha. Bayan yaƙin basasa kuɗin man fetur ya shigo, aka shimfiɗa kwalta a wurare da dama. Ran 2 ga watan Afrilu 1972 ƙasar ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama, cikin 1978 kuma aka buɗe tagwayen hanyar Ikko zuwa Badun. A daidai wannan lokaci ne jirgin ƙasa ya shiga ja da baya, nauyin kayan ƙasa ya koma kan taya. Ko da yake an buɗe sabon dogo tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, da wani tsakanin Ikko da Badun a 2021, har yanzu mafi yawan kaya a mota suke tafiya.

Hatsin Dawanau, da tumatirin Kwanar Gafan, da albasar Aliero, da shanun Potiskum da Wudil da Maigatari, duk a bayan mota suke isa kasuwar Mil 12 da mayankar Agege a Ikko, da Bodija a Badun, da Anacha. In motar za ta komo kuma sai ta ɗauko kwantena daga Apapa, ko siminti daga Ibese ko Obajana, ko kayan masarufi. An ga muhimmancin wannan zirga-zirga a ƙarshen watan Fabrairu 2021, sa'ad da 'yan kasuwar abinci da dabbobi na Arewa suka tsai da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha ta Badun. Cikin 'yan kwanaki kaɗan tumatir da nama suka yi tashin gwauron zabo a Ikko.

Saboda haka aikin direba ba ya yankewa, kullum akwai mai mota da yake cigiyar wanda zai ba makulli. Wannan alheri ne, amma a cikinsa tarkon yake, domin yaron da ya gaji da kwanan tabarma yakan yi wuf ya karɓi motar farko da aka nuna masa, ba tare da ya tambayi abin da ya raba ta da direbanta na jiya ba.

MAKARANTAR YARON MOTA

Kusan duk direban babbar mota a ƙasar nan ta ƙofar yaron mota ya shigo, wanda wasu ke kira karen mota, ko da yake masu aikin ba su son wannan suna. Shi ne mai wanke mota, da duba ruwan lagireto da baƙin mai, da ɗaura tamfol, da ƙirga buhuna wajen lodi da wajen saukewa. In mota ta tsaya a hawa shi ne zai diro da gudu ya cusa weji a bayan taya. In taya ta fashe tsakar dare a dajin Mokwa, shi ne zai shiga ƙarƙashi da jak. Sai ya shekara yana wannan kafin maigidansa ya bar shi ya motsa mota a cikin gareji, sa'an nan a koya masa ribas, wanda shi ne mafi wuya ga mai jan tirela, domin in ya karya sitiyari dama, bayan motar hagu yake nufa. Daga nan sai a riƙa ba shi tuƙi da rana a miƙaƙƙiyar hanya, mota ba kaya, Oga na gefe yana gyangyaɗi da ido ɗaya.

Zaɓen farko ke nan da yake gaban yaro da iyayensa, watau direban da za a damƙa shi a hannunsa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaron da ya tashi a hannun mai shan ƙwaya, ko mai sayar da man ubangidansa a hanya, da wuya ya fito da wata tarbiyya dabam. Akwai kuma direban da zai riƙe yaro shekara da shekaru yana moron ƙarfinsa, bai taɓa barinsa ya taɓa sitiyari ba. Irin wannan, barinsa cikin mutunci ya fi.

Bayan koyo sai lasin. A dokar hanya ta Nijeriya lasin mai harafin G shi ne na tirela da tanka, watau motocin da kai dabam bodi dabam. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa cikin watan Fabrairu 1988, ita ce ke buga lasin tare da haɗin gwiwar ma'aikatan duba lafiyar motoci da ofisoshin haraji na jihohi, kuma sai mutum ya je da kansa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Wanda ya ba wani ɗan kamasho kuɗi ya kawo masa lasin har gida, ya sani cewa mai yiwuwa jabu ya saya, kuma ba zai gane ba sai ranar da tsautsayi ya faɗa, aka nemi lambar a na'ura aka rasa.

IYAYEN GIDA IRI-IRI

Na farko shi ne attajiri mai mota ɗaya ko biyu ko biyar, irin waɗanda suka cika Potiskum da Kano da Funtuwa da Gombe. Galibi sanayya ce take haɗa shi da direba, ba takarda ba rubutu. Daɗin aiki da shi shi ne kusanci. In matar direba ta haihu Alhaji zai aiko da rago, in salla ta zo zai yi masa ɗinki, in ya ga amana ma yakan kai shi Makka ko ya taimaka masa ya mallaki tasa. Wuyarsa kuwa ita ce ƙarfinsa kaɗan ne. In inji ya buga, mota takan yi wata uku a gareji, direba na zaune ba ko kwabo. Kuma da yake babu rubutu, ranar da aka ɓata, maganar mai mota ita ce a sama.

Na biyu shi ne babban kamfani mai ɗaruruwan motoci, irin na siminti da fulawa da sukari da lemon kwalba. A nan akwai gwajin tuƙi da na ido da na jini kafin a ɗauki mutum, akwai albashin wata da kuɗin kowace tafiya, akwai garejin kamfani. Akwai kuma doka a bayan ma'aikaci. Dokar ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko magadansa in ya rasu. Mafi ƙarancin albashi kuwa an mai da shi Naira 70,000 cikin watan Yuli 2024. Sai dai a kamfani ba sani ba sabo. Akwai na'urar bin sawu a jikin mota, wadda take nuna inda direba ya tsaya da daɗewar da ya yi, man gas kuma a kan awo ake ba shi. Wajibi ne kuma mai neman aiki ya bincika ko kamfanin ne da kansa zai ɗauke shi, ko kuwa wani ɗan kwangila ne a tsakani, domin sau da yawa wanda ɗan kwangila ya kawo ba ya samun abin da ma'aikacin kamfani yake samu, ko da kuwa mota iri ɗaya suke ja.

Na uku shi ne aikin tanka, wanda ake ganin ya fi kawo kuɗi, ya kuma fi haɗari. Direbobin tanka suna da reshensu a ƙarƙashin ƙungiyar NUPENG, kuma ba a cika ba sabon hannu tanka ba sai ya goge a busasshen kaya, saboda ruwa ba ya zama wuri ɗaya kamar buhu. In aka taka birki ko aka sha kwana, lita 33,000 ko 45,000 na mai sukan yi tururuwa gefe guda su tura mota.

Akwai kuma wata hanya da take ruɗin matasa, watau a ba direba mota ya riƙa biya sannu a hankali har ta zama tasa. Wasu sun yi arziki ta nan. Amma kuɗin da ake ɗorawa yakan zarce na kasuwa nesa ba kusa ba, gyara kuma a wuyan direba yake, in ya kasa biya na 'yan watanni sai a karɓe mota, abin da ya zuba a baya ya bi ruwa. Wanda bai san hanya ba tukuna, bai san dillalan kaya ba, bai kamata ya sa wuyansa a wannan igiya ba.

ABIN DUBAWA KAFIN A KARƁI MAKULLI

Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Halin mai mota a jikin tayoyinsa yake a rubuce. Mutumin da ya bar motarsa tana yawo da sulɓaɓɓun tayoyi, waya ta fito, ya riga ya nuna matsayin ran direba a wurinsa, ko da kuwa bakinsa ya fi zuma zaƙi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. Alal misali 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022, kuma FRSC tana gargaɗin cewa taya ta ƙare aiki in ta shekara 4 da ƙerawa. Bayan taya sai birki. A ta da mota a ga ko iska tana cika da sauri, a kashe ta a saurara ko tana tsiyaya. Sa'an nan fitilu da madubai da abin kashe gobara, da takardun mota, da inshora ta gaskiya. Ya kamata kuma a tambaya ko kayan da ake ɗauka suna da tasu inshorar, domin ta mota dabam, ta kaya dabam.

Abu na biyu shi ne a nemi direban da ya bar motar. Tasha ba ta ɓoye labari. Mai shayi da mai faci da bakanike duk sun san wanda yake biyan haƙƙi da wanda yake sa a kulle direbansa saboda buhu biyu. In mota ta canja direba huɗu cikin shekara guda, to, ba direbobin ne ke da laifi duka ba.

Abu na uku shi ne lissafi. Galibin masu motoci kuɗin hanya suke bayarwa a dunƙule, a ciki za a sha mai, a ci abinci, a sallami yaro, a kuma biya abin da ake karɓa a shingaye da ƙofofin kasuwa, abin da ya saura shi ne na direba. Wannan tsari yana da kyau in an yi shi da adalci, amma in kuɗin ya gaza shi ne yake tura direba ga halaka. Cikin 2022 kuɗin litar man gas ya ninka fiye da sau biyu a 'yan watanni, kuma duk mai motar da bai ƙara kuɗin hanya daidai da haka ba, a aljihun direbansa ya zare bambancin. Saboda haka tun kafin a tashi a san wa zai biya in taya ta fashe, wa zai biya tarar lodin da ya wuce kima, wa zai ɗauki asarar kwandunan tumatir in mota ta lalace a hanya, nawa ne kuma kuɗin abinci in aka yi kwanaki ana jiran lodi. Tirelar siminti buhu 600 take ɗauka, watau tan 30, kuma in aka sauke aka tarar 598, dole a san tun farko a wuyan wa biyun suke.

Duk wannan a rubuta shi, a sa hannu gaban shaidu, ko a ofishin ƙungiya. Wasu suna jin kunyar neman rubutu daga wanda ya girme su, suna ganin kamar rashin yarda ne. Alhali kuwa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Haka kuma mai tsaya wa direba, ko kawunsa ne ko tsohon maigidansa, ya karanta abin da zai sa wa hannu, domin an sha ganin gidan gado ya salwanta ta wannan hanya.

SHEKARAR FARKO A KAN TITI

Daga Kano zuwa Ikko ya fi kilomita 1,000, ko an bi ta Tegina da Mokwa a haye Kwara a Jebba a faɗa Ilori da Ogbomosho, ko an zaga ta Abuja da Lakwaja da Okene. Babban abokin gabar sabon direba a wannan doguwar tafiya shi ne barci. Mai tumatir yana zaune a gefensa yana roƙo a yi sauri kada kaya su narke, mai shanu yana tsoron kada wata ta kwanta a tattake ta, an kuma yi alkawarin tukuici in an riski kasuwar asuba. A nan ne ake miƙo wa yaro ƙwaya a ce ta hana barci ce. Tramadol da makamantanta ba su kore barci, jinkirta shi suke yi, ya zo ya ɗauki mutum ido buɗe. Barci ɓarawo ne, maganinsa ɗaya, a gangara gefe a wuri mai aminci a ba shi haƙƙinsa. Ubangijin da bai yarda direbansa ya kwanta ba, tun wuri a mayar masa da makullinsa.

Abokin gaba na biyu gangara ce. Birkin babbar mota da iska yake aiki, inji ne kuma yake tara iskar. Direban da ya saki mota a firi, ko ya kashe inji a gangara don ya rage shan mai, ya yanke wa kansa igiyar da yake rataye da ita. Haka wanda ya dinga taka birki ba ƙaƙƙautawa, iska za ta ragu, birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Ƙa'idar da magabata suka bari ita ce, giyar da za a hau tudu da ita, da ita ake sauka, kuma tun daga sama ake sa ta, ba sai mota ta ɗauki gudu ba. Hawan Kibo a hanyar Jos da Ugwu Onyeama a bakin Inugu sun ci motocin da ba su ƙirguwa. Kowace safiya kuma a buɗe tankin iska a zubar da ruwan da ya taru. Dokar hanya ta ƙayyade wa tirela da tanka kilomita 60 cikin awa a tagwayen hanya, 50 a sauran manyan hanyoyi, 45 a cikin gari, kuma tun watan Fabrairu 2017 FRSC ta fara tilasta sa na'urar ƙayyade gudu a motocin haya.

Na uku shi ne kwaɗayi. Za a zo wa sabon direba da tayin sayen jarka biyu na man gas, da tayin ɗora fasinja a saman kaya, da tayin ɗaukar wani ƙunshi da ba a so a buɗe. Kowanne kuɗinsa a hannu yake, kuma kowanne ya isa ya rushe aikin shekara goma. In mota ta faɗi da mutane a saman buhuna, direba ne zai amsa tambaya gaban alƙali da gaban Allah. In aka sami haramtaccen abu a shinge, mai ƙunshin ba ya nan. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Sai kuma jira, wanda ba a faɗa wa yaro labarinsa tun farko. A shekarun da cunkoson Apapa ya yi tsanani, direbobi sun yi makonni a kan gada suna jiran shiga tashar jiragen ruwa, a nan suke ci a nan suke kwana. Cikin watan Fabrairu 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fito da tsarin kiran motoci ta na'ura mai suna Eto don rage wannan wahala. Duk da haka jiran lodi da jiran saukewa da jiran bakanike suna cikin aikin, kuma a lokacin jiran ne kuɗin hanya yake narkewa, caca da sauran shashanci su sami ƙofa.

RANAR TSAUTSAYI

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma yadda aka tare shi yana rage ɓarna. Ran 28 ga watan Yuni 2018 wata tanka ta kama da wuta a gadar Otedola a Ikko, motoci fiye da 50 suka ƙone. A watan Oktoba 2024 tanka ta faɗi a Majiya ta Jihar Jigawa, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi ta ci fiye da mutum 150. Cikin watan Janairu 2025 irin haka ta sake aukuwa a mararrabar Dikko ta Jihar Neja, fiye da mutum 80 suka rasu, abin da ya sa Gwamnatin Tarayya ta hana tankoki masu cin lita 60,000 yin lodi daga ranar 1 ga watan Maris 2025. Darasin da ke ciki ga direba shi ne, in mota ta faɗi ko ta lalace, aikinsa na farko ya kashe inji, ya sa alama nesa da mota gaba da baya, ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kori jama'a, ya kuma kira hukuma. In akwai rai a ciki kuma ya ga taro ya fusata, ofishin 'yan sanda mafi kusa zai nufa ya miƙa kansa, ba daji ba.

A irin wannan rana ce ake sanin ubangijin ƙwarai. Wani kafin gari ya waye ya turo wakili da lauya, tambayarsa ta farko kuma lafiyar direba da yaronsa. Wani kuwa sai ya kashe wayarsa. Don haka tilas sabon direba ya kasance yana da wata inuwa ban da ta mai mota. Ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta NURTW, wadda aka kafa a 1978, tana da rassa a tashoshi, masu motoci kuma suna da tasu, watau NARTO. Katin ƙungiya da biyan kuɗinta a kan kari suna da rana. Haka nan a kowane babban gari na Kudu akwai Sarkin Hausawa da jama'arsa, a Sabo ta Badun, da Agege, da Shagamu, da sauransu, kuma direba mai hankali yakan je ya yi gaisuwa tun ba abin da ya faru. Koyon gaisuwa da Yarabanci ko Ibo, da ɗan Turancin kasuwa, da sauke murya a shinge, sun fitar da mutane da yawa daga inda kuɗi bai fitar da su ba.

GIDA DA ALJIHU DA SUNA

Kuɗin mota kamar ruwan sama yake, yau a yi ambaliya gobe a yi fari. Saurayin da ya fara ganin dubbai a hannunsa yakan ɗauka haka za a dawwama, sai ya ƙara aure tun bai ginu ba, ko ya buɗe gida a kowane zango. Masu hangen nesa sukan shiga adashi, su sayi ɗan fili ko tumaki, su bar wa iyali abin cefane kafin su tashi. Jiki ma jari ne. Zaman sa'o'i a kujera yana cin baya, hasken fitilun dare yana cin ido, hawan jini da ciwon sukari kuma ba su sallama kafin su shigo, saboda haka gwaji lokaci-lokaci ba ɓata kuɗi ba ne. Zangon dare irin su Tafa da Mararrabar Jos da Ogere wuraren hutu ne, amma wanda bai kame kansa ba yakan kai wa matarsa tsarabar da ba ta da magani. Addini ya sauƙaƙa wa matafiyi, ya ba shi ƙasaru, kuma tsayawa salla kanta hutu ce ga direba da inji.

Daga ƙarshe, babban abin da direba yake tarawa cikin shekarun farko suna ne. Wanda yake tsalle daga wannan mota zuwa waccan saboda an ƙara masa 'yan kuɗi kaɗan, ba ya daɗewa sai a san shi, masu motocin kirki su guje shi. Wanda kuwa ya yi shekara uku a hannu ɗaya, bai ka da mota ba, buhu bai ɓata ba, ya mayar da canjin da ya saura, to, shi ba ya neman aiki kuma, aiki ne yake nemansa. In zama ya ƙi daɗi, a yi sallama da rana tsaka, a ƙirga taya da jak da tamfol gaban shaida, a miƙa makulli hannu da hannu, domin hanya ɗaya ce, gobe ma za a gamu.

Ga masu motoci kuma, ya kamata su tuna cewa wanda suka damƙa wa dukiyar miliyoyin Naira ɗan wani ne, kuma mijin wata ne, sabuwar taya kuwa ta fi diyya araha. Ga yaron da yake kwance a ƙarƙashin mota yau, haƙuri shi ne jarinsa, domin mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. In ranarsa ta zo aka miƙo makulli, kada murna ta hana shi zagaya motar ya duƙa ya dubi tayoyinta. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya, amin.